Ranar da Aka Karrama Ƙafar Kawu

Kawuna, yayan mahaifiyata, a hannunsa na tashi, a gidansa na Abbaganaram. Soja ne, da muƙamin saje ya yi ritaya, shi ya sa duk unguwar Saje ake ce masa. An kai shi Laberiya, an kai shi Saliyo, kuma a ɓangaren igwa ya yi aiki, ƙararta ta cinye masa kunnuwa. Na hagu ya mutu gaba ɗaya, na dama kuwa sai ka sa baki a kai ka ɗaga murya. Amma da ƙafafunsa biyu ya dawo gida. Ƙafarsa ta dama a nan Maiduguri ya rasa ta, bayan ya ajiye kaki da daɗewa. Ciwon suga gare shi, ƙusa ta soke shi a tsakar gida, ciwon ya ƙi warkewa har ya ruɓe, likitoci suka yanke daga ƙasan gwiwa. Kowa a layinmu ya san haka, don sun je duba shi a asibiti.

Shekarun da garin nan ya rikice, lokacin da ake bin tsofaffin masu kaki har gida, mutanen da ke cika tabarmarsa da la'asar suka ɗauke ƙafa. Sunan Saje ma ya ɓace daga bakinsu, ya koma Malam. Ban ga laifin mai tsoro ba, ni ma na ji tsoron. Abin da ya tsaya min a rai shi ne, da ƙura ta lafa, su ɗin ne dai suka fi kowa iya cewa sojojinmu, sojojinmu.

Mutum ɗaya ne bai taɓa fasa zuwa ba, wani Inyamuri da suka yi aiki tare, mai shagon kayan gyaran keke napep a kasuwa. Kofur Kawu yake ce masa, ni kuma Baba Kofur. 'Yan uwansa da yawa sun tattara sun koma gida, shi ya ce ba inda za shi. Duk Lahadi in ya taso daga coci zai biyo, ya zauna dama da Kawu, ya yi ta kwarara masa labarin gari a kunne. Akwai ɓarɓashin ƙarfe a gadon bayansa tun Laberiya, in damina ta zo ba ya iya sunkuyawa.

Wata rana ina dawowa daga makarantar da nake koyarwa na tarar da baƙar mota a ƙofar gida, da samari biyu a zaure. Yaran wani Alhaji ne, ɗan kwangila da ke neman kujerar majalisa. Sun ce maigidansu zai karrama 'yan mazan jiya a wani ɗakin taro a GRA. Na lura da idonsu. Kan dungulmin ƙafar yake, ko fuskar Kawu ba su kalla sosai ba. Ɗayan har ya ce wa ɗan uwansa, "Wannan ya yi." Da na faɗa wa Kawu saƙon a kunne, sai ya gyara zama, ya ce, "To, madalla. Ashe an tuna." Ya ce a faɗa wa Kofur, tare za su.

Ban taɓa ganin Kawu yana rawar jiki kamar na wannan makon ba. Ya fito da lambobinsa daga cikin gwangwani, ya goge su da toka da lemun tsami. Ya sa na goge masa farin kaftani. Takalminsa ɗaya tilo, ya zauna ya yi ta murza shi har yana ɗaukar ido.

Da hantsi muka isa, mu uku a keke napep. A bakin ƙofa wata mata mai ɗaurin ɗankwali kamar zai taɓo rufi tana raba mutane kashi biyu. Mai guntun hannu, mai ido ɗaya, mai sanda, su shiga ciki, layin gaba. Sauran a nuna musu rumfar tamfol a waje. Ta kalli Baba Kofur sama da ƙasa, ta nuna masa rumfa.

"'Yata, tare muke," in ji shi. "Ni ma an ji min ciwo. A baya yake. In ɗaga rigar ki gani?"

"A'a Baba, bar rigarka. Wanda ake gani muke so a ciki."

Ya yi dariya, ya dafa kafaɗar Kawu, ya wuce rumfa. Ni aka bar ni na shiga saboda ni ce mai kula da shi. Muna shiga aka turo keken guragu sabo fil, ledarsa ma ba a gama cirewa ba. Kawu ya ce yana da sandunansa, da su yake zuwa masallaci. Wani saurayi ya ce, "Baba zauna kawai, naka ne." Aka zaunar da shi, aka ɗauke sandunan aka yi bayan labule da su. Saurayin nan ya durƙusa ya naɗe ƙafar wandon Kawu sama, wai kada ta ja ƙasa. Ba ta jan ƙasa. Ni na ɗinke ta da hannuna.

Muka zauna. Azahar ta yi, tsofaffin suka nemi ruwan alwala, aka ce su yi haƙuri, Alhaji yana hanya. Wani tsoho kusa da mu ya yi ta gyangyaɗi har hularsa ta faɗi. Ta taga ina hango Baba Kofur da sauran a rumfa suna fifita da kwali. Sai da rana ta karkata sannan aka ji jiniya da kiɗa, mai gayya ya shigo da maroƙinsa a gaba, ƙanshin turarensa ya riga shi isowa layinmu.

Aka fara jawabi. Duk wanda ya hau sai ya yi wa sojoji jimla biyu, sauran kuma na Alhaji ne: rijiyar da ya haƙa, buhunan da ya raba, zuciyarsa mai faɗi. Aka ce a yi shiru na ɗan lokaci don waɗanda suka kwanta dama. Cikin shirun waya ta yi ƙara a teburin manya, mai ita ya ɗauka, muna ji yana cewa a sauke simintin a ɗaya filin.

Daga nan aka turo Kawu gaban dandamali. Mai gabatarwa ya sassauta murya kamar zai yi kuka. Ya ce jama'a su dubi wannan gwarzo. Ya ce a dajin nan namu na Borno, yana gaban dakarunsa, ya taka nakiya don ya ceci yaransa, kuma ko da ƙafar ta tashi bai saki bindigarsa ba. Ɗakin ya ɗauki kabbara. Na ji kamar an watsa min ruwan zafi. Kawu ya bar aiki tun kafin a san da wannan yaƙin. Na dube shi. Bai ji ko kalma ɗaya ba. Ya ga ana tafi, shi ma ya shiga tafawa, yana murmushi, lambobinsa suna kaɗawa a ƙirji.

Alhaji ya sauko, ya durƙusa a gabansa, ya rungume shi, ya ciro farin hankici ya kai ido. Mai hoto ya ce bai samu da kyau ba. Alhaji ya mayar da hankicin aljihu, ya miƙe, ya sake durƙusawa, ya sake ciro shi. A ƙarshen taron an ba da lambar yabo guda ɗaya, mai ruwan zinare, kuma Alhaji aka ba, saboda ƙaunarsa ga sojoji.

Motocin manya na fita, saurayin nan ya dawo ya ce Kawu ya ɗan tashi, za a haɗa kekunan wuri ɗaya a kawo wa kowa har gida. Na ce to a ba mu sandunanmu. Sai da na shiga bayan labule da kaina na tono su ƙarƙashin kujerun roba. Keken dai har Kawu ya bar duniya bai iso Abbaganaram ba. A ƙofa aka miƙa wa kowa jaka: shinkafa 'yar kaɗan, ƙullin suga, lemun gwangwani, da riga mai hoton Alhaji. Suga da lemun zaƙi, ga mutumin da suga ya yanke wa ƙafa.

Na yi niyyar in bar Kawu da farin cikinsa. Amma an sa lasifika a rumfa, Baba Kofur ya ji komai, kuma shi ba ya ɓoye wa Kawu magana. Muna cikin keke napep ya sa baki a kunnensa.

"Saje! Ka san me suka ce? Wai nakiya ka taka! A dajin Borno!"

"Wa?"

"Kai! Wai ƙafar ta tashi, ba ka saki bindiga ba!"

Kawu ya juyo ya kalle ni. "'Yar nan, haka aka ce?" Na ɗaga kai. "Kuma na tafa?" Na sake ɗaga kai. Ya sa hannu ya ciro lambobin ɗaya bayan ɗaya ya zuba a aljihu, ya sauke ƙafar wandon da aka naɗe masa. Sai da muka kusa gida ya ce, "Kofur, ka tuna wanda ya taka nakiya." Baba Kofur ya ce ya tuna.

Ban san labarin ba sai ranar. Wani abokinsu ne ɗan ƙabilar Shuwa, direban motarsu a Saliyo. Ya sauka ya duba hanya, yana 'yan taku kaɗan a gabansu abin ya tashi da shi. Su biyun nan suka kwashe shi a bargo. Matarsa tana nan da rai a ƙauyen Dusuman, kusa da gari, ba wanda ya aika mata da gayyata.

Kwana kaɗan hoton taron ya bazu a wayoyi, aka kuma manna fuskar Kawu da ta Alhaji a allunan kan titi. Sai ga maƙwabta suna sallama. Mutanen da suka kai masa kunu a asibiti, suka ji likita da kunnensu yana maganar suga, su ne suka zo suna cewa, "Wushe, sannu Saje, ashe haka ka sha fama ba ka taɓa faɗa ba!" Mai shagon bakin layi, wanda a shekarun tsoro yake tsallaka titi in ya hango shi, har da kawo ɗansa a yi musu hoto. Duk wanda ya zo Kawu zai ce masa, "Suga ne. Ƙusa ce ta soke ni a nan, ga wurin." Sai su yi dariya su ce Saje akwai ƙanƙan da kai. Ƙaryar ta fi musu daɗin ji, ita suka riƙe. Da ya gaji, ya sa na shigar da tabarmar cikin gida.

Ran Asabar ya ce in ɗauko jakar nan, za mu Dusuman. Muka sami matar a bayan gidanta tana tsinkar yakuwa, tsohuwa siririya mai zane a kumatu. Ta shimfiɗa mana tabarma a gindin dalbejiya. Kawu ya tura mata jakar, ya ce, "An raba wa sojoji. Rabon mijinki ne." Ta buɗe, ta ajiye shinkafar gefe, ta ɗaga rigar tana kallon hoton.

"Wannan wane ne? Soja ne?"

Na ce a'a, ɗan kwangila ne.

"To me ya kai shi cikin jakar sojoji?" Ta ninke rigar ta cusa ƙarƙashin tabarma inda ƙasa ta yi rami. Sannan ta ce jikanta ya nuna mata taron a waya. Ta matso kusa da kunnen Kawu, ta ɗaga murya. "Saje, ashe kai ma nakiyar ka taka? Kai ka yi sa'a, taka ta bar ka ka dawo ka yi kiba."

Kawu ya yi dariya har da tari, karo na farko tun ranar taron. Ita ma ta yi, sannan ta goge ido da bakin mayafi, ta tashi ta ɗora shayi. Muka wuni a can. Suka yi ta hirar mijinta, yadda yake tuƙi da ƙafa ba takalmi, yadda ba ya cin abinci sai da barkono. Rabin abin da take faɗa Kawu ba ya ji, amma yana gyaɗa kai, don ya san labarin.

Alhaji ya ci zaɓensa. Da shekara ta zagayo, marayu ya karrama.