Kofunan Ishaq Kuku

Shekara ashirin da shida ina ɗinki a shagon da ke kallon na Ishaq Kuku, a layin bayan tasha nan Talata Mafara, saboda haka labarinsa ba a bakin wani na ji shi ba. Sunana Sadi, tela ne ni, kuma da hannuna a cikin abin da ya same shi.

Ishaq mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Maradun, ƙauyen da yanzu sai dai kifi ya ba ka labarinsa. Lokacin da Turawan Italiya suka zo gina madatsar ruwan Bakolori, gonar ubansa na cikin waɗanda ruwa ya ci. Shi kuma yana saurayi ya sami aikin wanke-wanke a kicin ɗin sansaninsu, a hannun wani tsohon kuku wai shi Aldo, mai faɗa kamar ya ari baki. Wajensa ya koyi murza taliya da hannu, da miyar tumatir mai tafarnuwa da ɗoɗɗoya. Da aiki ya ƙare Turawa suka tattara nasu ya nasu, Aldo ya bar masa tukwane biyu da kofunan gilashi shida masu dogon wuya. Gona babu, ƙauye babu, sana'ar da ya iya kuwa ta mutanen da suka tafi ce.

Ya yi kuku a gidajen ma'aikata wasu shekaru, sannan ya buɗe ɗan gidan abincin nan mai tebur uku. Ni na ɗinka masa ƙyallen teburan, ja da fari. To amma mu nan magidanci ba ya zaman gidan abinci a garinsu. Ka zauna yau, gobe an ce kun saɓa da iyali, jibi surukarka ta aiko a ji ko lafiya. Mai marmarin taliyar Ishaq sai dai ya aika da kwano a rufe. Abin yana ci masa rai, kullum cewa yake abincin nan a tebur ake cinsa, da zafinsa, ana hira. Baƙi ne suka riƙe shi, direbobi da 'yan kwangila masu wucewa Sakkwato ko Gusau. Da 'yan bindiga suka matsa wa hanya, kowa ya koma saurin isa gida da sauran rana, ba mai tsayawa cin taliya. Ɗansa Khalifa da ke Abuja ya yi ta roƙonsa ya rufe ya koma wajensa. Ishaq ya ce an taɓa tashinsa sau ɗaya, ya isa.

Wata Laraba bara, bayan la'asar, sai ga wani baƙon ma'aikacin lafiya, Fa'izu, tare da matarsa Salma. Suka shiga, suka ja kujeru, suka zauna. Miji da mata, a gidan abinci, a Mafara. Na tsayar da keke ina kallo. Ishaq ya tsallako shagona da gudu-gudu, tsoho da shi, ya ari dutsen guga ya goge ƙyallen tebur. Ina ganinsa ta taga ya tace zoɓon da ya dafa tun safe da citta da kanumfari, ja wur har ya yi duhu. Sannan ya hau kujera ya sauko da kofunan Aldo, waɗanda na fi shekara goma ban gani ba, ya zuba musu a ciki.

Wallahi daɗi ne ya kama ni. Na ɗaga waya daga ƙofar shagona na ɗauki hoto, na tura wa surukina Mamuda a Bakura, wanda ya saba cewa abokina ɓata iccensa kawai yake yi. Ban rubuta komai a ƙasa ba, na ɗauka hoton ya isa bayani.

Kashegari kafin hantsi hoton ya dawo wayata daga hannun mutum uku, an yi masa rubutu: giya a Mafara da rana tsaka. Mutanenmu ba su taɓa ganin kofi irin wannan da jan abu a ciki ba sai a fim, a hannun mashaya. Ban da Mamuda, ba wanda ya san wa ya ɗauki hoton. Na ja bakina na yi gum.

Kwanukan aike suka ɗauke cak. A masallaci Ishaq ya miƙa hannu, a ba shi kan yatsu. Mutumin da shekara talatin yana sahun gaba, yara suka koma toshe hanci in sun zo wucewa ta ƙofarsa. Fa'izu bai sake biyo layinmu ba, ban kuma ga laifinsa ba.

Ranar Lahadi mai unguwa Yaya ya zo da na'ibin liman da dattawa biyu. Aka daɗe ana gaisuwa, gida, iyali, gajiya, zafi, kamar ba komai. Sannan mai unguwa ya buɗe waya ya nuna masa. Ishaq ya kalli hoton ya daɗe, sannan ya shiga ya fito da zoɓo a kofunan nan ya ajiye a gabansu.

Nan fa aka yi cirko-cirko, wa zai fara? In giyar ce fa? Da ƙyar na'ibi ya yi bisimilla, ya shinshina, ya kurɓa.

"A bakina dai zoɓo ne," in ji shi. "Amma ni ban san yadda waccan take ba, balle in ce ba ita ba ce."

Cikinsu ba wanda ya san ɗanɗanon giya, in ma akwai, ba zai faɗa ba. Ɗaya dattijon ya ƙara da cewa na yau daban, na ranar Laraba kuma wa ya gani? Ni na gani, tun daga tafasa har tata. Amma in na buɗe baki za a tambaye ni me na tsaya kallo, daga nan a kai ga hoto. Ina jin su sarai, na ƙara taka keke don kada a ce ina saurare. Ragon banza, haka nake kiran kaina in na tuna.

Aka yanke cewa ba a kama shi da laifi ba, sai dai kofunan sun yi kama da na mashaya, mumini kuwa yana nesa da abin zargi. Mai unguwa ya sa aka naɗe su a kwali, ya ce za su zauna wajensa har magana ta lafa. Aka yi sanarwar wanke shi bayan azahar, gaban mutum ashirin. Hoto ya kai har garuruwan Kaya da Janbako, sanarwa ba ta fita layinmu ba. 'Yarsa Hasana da ke aure a Ruwan Gizo ta bugo tana kuka, wai dangin miji sun daina cin abin da ta dafa in daga gida ta dawo.

Wata huɗu ina tsallakawa kowace safiya in gaishe shi, ni kaɗai a duk layin. Ya buɗe wuri, ya shimfiɗa ƙyalle, ya zauna har magariba, ya rufe. Tafiya Abuja yanzu ba ta yiwuwa, don in ya tafi an tabbatar ke nan, zaman kuma ga yadda yake. Ina gaishe shi abin yana cina kamar gara a cikin azara.

Wata safiya na kasa daurewa. Bayan mun gama gaisuwa na durƙusa a gabansa, na ce, "Ishaq, ni na ɗauki hoton nan. Don in yi alfahari da kai na ɗauka, sannan na ji tsoro na yi shiru."

Yana yankan tumatir, bai ɗago ba.

"Na sani, Sadi. Ran da mai unguwa ya nuna mani na ga gefen labulen shagonka a ciki."

"To me ya hana ka yi mini magana duk watannin nan?"

Ya ajiye wuƙar, ya dube ni.

"In na yi hushi da kai, wa za ya gaishe ni da sahe?"

Na tashi na koma shagona, na zauna gaban keke, na kasa sa zare a allura.