Ranar da Inna ta tafi ɗebo wuta

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata firamare a Tsafe muna zaune a Gusau, kullum a motar haya nake safe da yamma. Wata uku ke nan da tarewarmu a sabon gida, kuma duk gidan ba abin da nake ji da shi kamar murhun gas ɗina mai kai huɗu. Irin wanda ba ruwansa da ashana ne: ki murɗa, ya yi ƙas-ƙas-ƙas, wuta ta kama shuɗiya. Duk baƙuwar da ta zo, kafin ta sha ruwa sai na ja ta kicin ta gani. Ashana kuwa ko ƙwaya ɗaya ban ajiye ba, a ganina na wuce wurin.

A makon da abin ya faru ne mahaifiyata ta zo daga Karakkai, ƙauyenmu na ƙasar Bungudu, don ta riƙe mini 'yata, mai wata takwas a duniya. Inna tun tasowarta da itace da kara take girki. Ran da ta iso na tsayar da ita gaban murhun ina ta murɗawa kamar mai talla. Na ce, "Kin gani, Inna? Ba hura wuta, ba hayaƙi." Ta ce, "To, Allah shi kyauta," ta koma tabarmarta.

Abu ɗaya ke haɗa mu da ita, gaisuwa. Inna ba ta iya wuce mutum a hanya. Sai ta tambayi gida, ta tambayi yara, gajiya, gona, har mai ciwon ƙafar da aka ambata mata jiya. Na sha ce mata, "Inna, nan fa birni ne, kowa sauri yake." Cikin kwana huɗu ta san matan layinmu, ni kuwa ko fuskarsu ban gama riƙewa ba.

Ranar da abin ya faru, tun bayan fitata da safe ba wuta a unguwarmu. An riƙe mu taro a makaranta, sai bayan la'asar na samu mota. Mun ci fiye da rabin hanya sai wayata ta yi ƙara. Inna ce.

"Ke, abin ga naki ya ƙi. Na ce in ɗora maku tuwo kahin ki iso. Na murɗa guda, shiru. Na murɗa su duka huɗun, ba wanda yay yi ƙas-ƙas ɗin nan."

Sai a lokacin na tuna maganar mai shagon da na saya: tartsatsin nan da lantarki yake aiki, amma gas ɗin, da wuta ko babu, in aka murɗa fitowa yake.

Na ce, "Inna, kin mayar da su? Kin rufe?"

"Mi za ni ruhewa ga abin da bai kama ba? Yarinya na kwana. Bari in tai maƙwabta in ɗebo wuta."

"Inna, kar ki..."

Wayar ta ɗauke. Na sake kira, a kashe. Cajinta ya ƙare, wuni guda ba ta ga lantarki ba.

Na san abin da take nufi sarai, don ni ta fi aika ina ƙarama. A ƙauyenmu in wutarki ta mutu, marfin kwano za ki ɗauka ki shiga maƙwabta a zuba miki garwashi. Yanzu Inna za ta shiga kicin ɗin da ya cika da gas, da garwashi a hannu tana hurawa. Ɗakin da 'yata ke barci kuwa bango ɗaya ne ya raba shi da kicin.

Ban san na yi salati da ƙarfi ba sai da na ga duk motar an juyo ana kallona. Na faɗa musu a gurguje, rabin maganar kuka ne. Na kira maigidana da ke wurin aiki a Bungudu. Ya ce, "Kira maƙwabta maza!" Na ce ba ni da lambar kowa. Ya ce ga shi nan bisa mashin. Amma na fi shi kusa.

Wani dattijo a kujerar gaba ya juyo, ya ce shi gas yake sayarwa a kasuwa. Ya ce, "Malama, natsu ki ji ni. In kin isa, kashe babban makunnin lantarki na waje tun kahin ki shiga. Cikin gida kak ki taɓa makunnin hitila, kak ki shiga da waya. Hidda yarinya, ruhe tukunyar gas, buɗe tagogi. Akwai firji a kicin ɗin?"

Na ce akwai.

"To ki roƙi Allah kada su maido wuta yanzu."

Direba bai jira an ce masa komai ba, ya taka mota. A shingen jami'an tsaro ya leƙa ya yi musu bayani a taƙaice, suka ɗaga mana hannu. Wata mata ta riƙe hannuna tana ta addu'a. Ni kuwa idona na sama, wajen unguwarmu, ina neman hayaƙi. Da muka shiga gari sai na koma kallon ƙwayayen fitilar shaguna. Ni da nake tsine wa masu ɗauke wuta safe da rana, ranar ga ni ina roƙon kar ƙwai ko ɗaya ya haska.

A bakin titi na dira na haye kabu-kabu, na ce masa gidana ne zai kama da wuta. Ban san ta inda ya bi ba. Muna karyo kwanar layinmu na hango Inna a ƙofar gida. Hannu ɗaya a kan ƙyaure, ɗayan riƙe da marfin kwano, garwashi jajir a kai. Ta waiwaya tana sallama da wata tsohuwa da ta rako ta.

"Inna! Tsaya nan!"

Kafin mashin ya tsaya na yi tsalle, takalmina ɗaya ya fice. Na doke marfin daga hannunta, garwashin ya watse a ƙasa. Ban taɓa ɗaga wa mahaifiyata ko murya ba sai ranar. Na ja makunnin waje ƙasa, na jefar da jaka da waya, na toshe hanci da gyale na shiga.

Tun daga falo warin ya tare ni. Daga kicin ina jin shuuu, a hankali, ba tsayawa. 'Yata na kwance shiru. Na sunkuce ta, ta motsa ta tsala kuka, ban taɓa jin daɗin kukanta kamar ranar ba. Na miƙa wa tsohuwar nan ita, na koma na murɗe kan tukunyar, na mayar da kawunan murhun huɗu, na bubbuɗe tagogi. Da na fito na zauna a ƙasa dirshan. Ban daɗe da zama ba yaran layi suka sa ihu, an kawo wuta.

Daga baya na ji abin da ya riƙe Inna. Gida biyar ta shiga, kowa gas ko risho, ba mai garwashi, kuma ba gidan da ta fita ba ta yi cikakkiyar gaisuwa ba. Sai a ƙarshen layi ta samu wuta wurin wannan tsohuwa mai waina. Ashe 'yar Bungudu ce, suka zauna lissafin dangi.

Inna ba ta yi maganar marfin ba. Sai da muka natsu, tana goye da jikarta, ta ce, "Na ji wari, na aza haka abin yake." Ta gyara goyon. "Kin gwada man yadda aka kunna shi ya hi sau goma. Ba ki gwada man yadda aka kashe shi ba ko sau guda."

Gaskiya ta faɗa. Nuna kaya nake yi, ba koyarwa ba, ni da ake kira Malama.

Washegari na sayi ashana, na bi Inna gida-gida na gaisa da maƙwabtana, na karɓi lambobinsu. Har yanzu in na ji warin gas ko kaɗan sai na tashi na duba murhu. Inna kuwa tana nan da halinta. In mun fita tare ta tsaya gaisuwa a hanya, ajiye jakata nake yi in jira ta, har sai ta tambayi mai ciwon ƙafa.