Makiyayin Yumɓu

Jiya ruwan farko ya sauka a Tawa, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tuna mini da malaminmu na zane a lise, makarantarmu ta sakandare. Bai taɓa gasa abin da ya gina da yumɓu ba. Yakan ce, "Abin ƙasa, a bar mishi hanyar gida."

Shekarar da mu ɗalibai muka baje ayyukanmu tare da malamai, hotunana na rijiyar Affala suna rataye kusa da wani makiyayi da Malam ya gina da yumɓu. Sai ga wasu samari da sanduna, wai gumaka muke tarawa. Ƙofa ɗaya ce, kuma sun tare ta. Na ƙanƙame kyamarar aro a ƙirji.

Malam ya ɗauki butar alwalarsa, ya tuttula wa makiyayin ruwa, ya shafe fuskar da tafinsa. Jan ruwa ya gangaro daga tebur.

"Ɗiyana, ƙasa ce," in ji shi. "Ku bar yaran ga su fita."

Suka dubi juna, suka ba mu hanya.

Har yau ina jin ɗigar ruwan nan. Allah ya sa ƙasar da ya koma ta yi masa taushi.