Damin da Baba Ɗan'azumi Ya Bari a Gindin Darbejiya

Shekara talatin da ɗaya ke nan Baba Ɗan'azumi yake riga kowa zuwa ƙaramin cocinmu da ke wani ƙauye tsakanin Basirka da Gwaram. Da gari ya waye zai iso da tsintsiya a hammata da makullai a wuya, ya share haraba tun daga bakin hanya har gindin darbejiya, ya karkaɗe bencina, ya cika randa. In Lahadi ce, sai ya ɗauki guduma ya bugi tsohon ƙarfen tayar mota da ke rataye a reshen bishiyar, wanda shi ne ƙararrawarmu. In ba Lahadi ba ce, ya kulle ya wuce gonarsa. Ba fasto ba ne, ba dattijon ikilisiya ba ne, ko sunansa ba ya iya karantawa. A ƙarshen watan nan zai ajiye makullan, domin gwiwa ta ƙi, ido kuma ya raunana.

An ce in rubuta masa jinjina, na kuwa karɓa. Amma ya kamata mai karatu ya sani tun daga farko cewa babu wanda ya taɓa ɓata wa dattawan ikilisiyar nan rai kamar wannan tsoho, kuma har yau in na tuna wasu abubuwan da ya yi sai in ji raina ya sosu, ko da yake na san da gaskiyarsa.

Al'adarmu ce duk shekara bayan girbi a yi Lahadin godiyar kaka. Kowane gida ya kawo abin da ya samu: damin dawa ko na gero, kwandon wake, ƙwaryar riɗi. Baba Ɗan'azumi ne yake karɓa a bakin ƙofa ya kai gaban bagade. To, ba kowane kaya yake shigarwa ba. Wani kayan zai karɓe shi da hannu biyu, ya yi wa mai shi sannu da aiki, sannan ya juya ya jingina shi a gindin darbejiya, a waje, inda kowa zai gani.

Babu wanda ya ba shi wannan iko. A shekararsa ta farko wani fasto ya karanta mana koyarwar Almasihu cewa wanda ya kawo baikonsa, wato kyautarsa ga Allah, ya kuma tuna ɗan'uwansa yana da wata magana a kansa, to ya ajiye baikon ya je su shirya tukuna. Mu da muka yi karatu muka ce amin, muka fahimci cewa magana ce mai zurfi da ake nufin zuciya da ita. Shi da bai yi karatu ba sai ya fahimci cewa ƙofa ake nufi, kuma shi ne mai tsaronta. Tambayarsa ɗaya ce ga duk wanda ya tsayar: "Za ka iya shiga gidansa yau ka ce a ba ka ruwa?"

Akwai shekarar da ya jera kwandunan mata biyu 'yan ƙungiyar zumuntar matan coci a waje, saboda akuyar ɗaya ta cinye waken ɗaya tun damina, suka daina gaisawa. Bayan sujada suka tsaya a kansa su biyu suna wanke shi tas, wannan ta faɗa waccan ta ƙarasa mata, har suka kama hanyar gida tare suna ci gaba da zaginsa. Ya bi su da kallo, ya ɗauki kwandunan ya shigar. Da aka tambaye shi, ya ce ai sun yi magana da juna, sauran zai zo.

Irin wannan mukan yi dariya mu wuce. Dariya ta ƙare shekara biyu da suka wuce, ranar da ya jingina damin Dattijo Yahuza.

Yahuza shi ne shugaban dattawa, kuma shi ya yi wa cocin rufin kwano. Yayansa Malam Hambali Musulmi ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Da aka raba gado, gonar bakin rafi ta faɗa hannun Yahuza, amma ɗorawar da ke cikinta mahaifiyarsu ta bar wa matar Hambali, Ummussalma, wadda da kalwar bishiyar take yin daddawa tana rufa wa gidansu asiri. Inuwar ɗorawa tana hana dawa yin kyau. Da bazara Yahuza ya sa aka sare ta, ba tare da ya gaya wa kowa ba. Hambali bai kai ƙara ba, bai aika da zagi ba. Ya dai daina amsa sallamar ƙanensa, ƙanen kuma ya daina yi. Dawar da ta fito a gurbin inuwar nan ta yi kyau ƙwarai, kuma daga cikinta aka ɗaure damin da ya zo coci.

Yahuza ya tsaya a ƙofa ya ce shi ba ya faɗa da kowa, gonarsa ce, kuma suna zaune lafiya da yayansa. Baba Ɗan'azumi ya yi masa tambayar ruwan nan. Yahuza ya shige ya zauna a kujerarsa ta gaba, damin kuwa ya kwana a waje.

Dattawa muka zauna, ni ne magatakarda. Fasto sabon zuwa ne, iyakacin abin da ya ce shi ne a bi a hankali. Muka kira tsohon muka yi masa bayani, cikin haƙuri da farko, cewa ɗan'uwan da Nassi yake nufi shi ne ɗan'uwa cikin bangaskiya, Hambali kuwa ba ɗan ikilisiya ba ne. Ya saurara har muka gama, hularsa a gwiwa.

"Nono ɗaya suka sha," in ji shi. "In wannan ba ɗan'uwa ba ne, ku da kuka yi karatu ku gaya mini sunansa."

Abin da muka yi shi ne muka yanke cewa ya zarce iyakar aikinsa, yana kuma tayar da fitina a gidan Allah. Aka ce in rubuta takardar sallama, na rubuta, da kyakkyawar Hausa kuwa. Da na kai masa ya juya ta sama da ƙasa, ya miƙo mini ya ce, "Magatakarda, karanta mini, ka san idona bai je makaranta ba." Na tsaya a ƙofar gidansa na karanta masa korarsa da bakina, matarsa Lailatu tana ji daga tsakar gida. Ya cire makullan daga wuya ya ba ni. Sai ya tambaya ko darbejiyar ma tana cikin takardar. Na ce a'a.

Ashe abin da yake so ya ji ke nan. Washegari ya zo ya ɗora damin a kan duwatsu saboda gara, ya rufe shi da tsohuwar tabarma, ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Kullum da safe sai ya zo ya duba shi. Ranar Lahadi ya shimfiɗa buhu ya zauna kusa da shi, yana bin waƙoƙin sujada ta taga. Muna iya ɗaukar damin mu shigar, makullai suna hannunmu. Babu wanda ya iya miƙa hannu ya ɗauka tsohon yana kallonsa. Haka Yahuza ya yi Lahadi uku yana wuce dawarsa da idonsa a ƙasa, tsohon kuma yana gaishe shi da fara'a kamar ba abin da ya faru, wanda hakan ya fi komai ƙona rai.

Abin da mu dattawa ba mu sani ba, domin ba mu tambaya ba, shi ne Hambali yana kwance tun kafin girbi, ƙafafunsa sun kumbura, an kai shi asibiti a Birnin Kudu an dawo da shi. Baba Ɗan'azumi ya sani, don yana zuwa dubiya. A Lahadi ta huɗu ya tare Yahuza da wani gwangwani a hannu, a ciki akwai ɗan dashen ɗorawa mai ganye kaɗan, wanda ya shuka tun makon da aka sare uwar. Ya gaya masa halin da yayansa yake ciki, ba ƙari ba ragi.

"Ban ce ka ba shi haƙuri ba, Dattijo, wannan ya fi ƙarfina. Ka je dai ka tambaye shi inda za a dasa."

Yahuza ya ce masa tsoho mai shisshigi, ya ce ba a dashe da rani, ya faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba. Amma ya tafi da gwangwanin. Sai ranar Laraba ya ɗaura shi a bayan babur ya nufi gidan yayansa.

Ummussalma ce ta ba da labarin abin da ya biyo baya. Hambali ya bar shi tsaye a zaure har rana ta karkata kafin ya ce a shigo da shi. Ya dubi dashen, ya ce ɗorawa takan yi shekaru kafin ta yi 'ya'ya, shi ba zai gani ba, kuma wanda ya sare bishiyar uwarsa ya zo da tsiro a gwangwani lallai ba shi da kunya tun yana yaro. Yahuza ya durƙusa ya ce, "Haka ne, Yaya." Hambali ya ce a dasa ta a tsakiyar gonar, daidai inda dawa ta fi yin kyau, kuma Yahuza da kansa zai riƙa yi mata ban ruwa har damina. Sannan ya juya ya ce wa matarsa, "Ba wa Auta ruwa, tun ɗazu yake tsaye."

Lahadin da ta biyo, Yahuza ya ɗauki daminsa a ka ya shiga da shi da kansa. Ya yi rani guda yana jigilar jarka zuwa gona. Hambali ya rasu da faɗuwar ruwan farko, kuma a zaman makoki Yahuza ne ya zauna a mazaunin ƙane yana karɓar gaisuwa.

Mu kuwa me muka yi? Muka aika wa tsohon da makullansa ta hannun Lailatu, ba takarda, ba magana. Muka kira wannan zaman lafiya. Nan ne abin yake ci mini rai. Muna karanta wa mutane cewa masu sulhu su ne za a kira 'ya'yan Allah, amma da mai sulhu ya tsaya a ƙofarmu sai muka kira shi mai fitina, domin mun saba ɗaukar shiru a matsayin salama. Salamar da Littafi Mai Tsarki yake nufi ba ta tsaya ga daina faɗa ba. Sai abin da ya yage ya koma ɗinke, sai mutum ya iya neman ruwa a gidan wanda ya ɓata wa. Mai neman irin wannan dole ya dami mutane, kuma sau da yawa shi za a fara kora.

Bana, a Lahadin godiyarsa ta ƙarshe, na kawo damina na jingina shi da kaina a gindin darbejiya. Na ce masa ni ne na rubuta takardar nan, ni ne na karanta masa, kwafinta yana nan a akwatina, kuma shekara biyu ke nan, har ya shigar da baikona bara, ban taɓa cewa ya yafe mini ba. Na shirya maganar tun mako guda. Ya dube ni da idon nan nasa da ya raunana.

"Cewa aka yi in ɗan'uwanka yana da magana a kanka. Ni ba ni da ita. Ɗauki kayanka ka shiga, Magatakarda, kana tare wa mutane hanya."

Ko damar ƙarasa tubana bai ba ni ba.

Baba, kai ne ka ji magana sau ɗaya ka riƙe ta shekara talatin da ɗaya, mu kuwa muna karanta ta duk shekara muna neman mata fassara. Kai ne aka kora daga ƙofa ka koma gindin bishiya ka ci gaba da aikinka. Angon Lailatu, mai tsaron ƙofar da ba ta da gata, mun gode, kuma muna jin kunya. Allah ya ba gwiwarka sauƙi, ya sa ka ga kalwar ɗorawar Ummussalma ta farko.

Ku kuma 'yan'uwa, har yanzu ba a sami wanda zai karɓi makullan ba. Masu son shara da buga ƙarfe suna da yawa, amma kowa yana tambaya ko aikin ya haɗa da darbejiya. Ya haɗa. Kafin a samu, duk mai ɗaure dami baɗi ya tsaya a gonarsa ya tambayi kansa gidan da ba zai iya shiga ya nemi ruwa ba, ya fara zuwa can.