Muryar Habibu a Gaban Sanarwar Rasuwa

Shekara shida ke nan da rasuwar ƙanena Habibu, amma har watan jiya ban daina jin muryarsa ba. Duk ranar da wani Bahaushe ya rasu a nan Libreville, babban birnin Gabon, wayoyinmu za su yi ƙara, Habibu ya ce, "Salamu alaikum jama'a, ga sanarwa," sannan muryar liman ta biyo baya da sunan mamaci da lokacin jana'iza.

Shi ya haɗa mana abin. A da, sai a binne mutumin unguwar Sotega abokinsa na unguwar Akanda bai ji ba. Ni kayan gyaran mota nake sayarwa a unguwar Oloumi, boko bai dame ni ba, amma Habibu ba ya gajiya da yi mini bayani. Ya ce manhajar tana ƙunshe cikin abin da suke kira kwantena, ita da duk abin da take bukata, a kan na'urorin haya a wata ƙasar da shi kansa bai taɓa takawa ba. A ƙarƙashinta akwai wani ɗan siririn tsarin Linux da ba shi da aiki sai ɗaukar kwantena. A samanta kuma akwai wata manhajar mai sa ido, da zarar kwantena ta tsaya sai ta tayar da sabuwa.

"Yaya, mu ba ma gyara," in ji shi. "In ta mutu, a tayar da wata."

Na ce masa wannan ai sana'ar malalata ce. Ni da nake wuni cikin makanikai masu farfaɗo da injin da ya girme su! Ya yi dariya har da riƙe ciki.

Sallamar nan ma gwaji ya yi da ita, ya ce in ya samu mai murya mai daɗi zai canza. Zazzaɓi bai ba shi lokaci ba. Ranar da ya rasu, shi ya yi wa mutane sallama kafin liman ya faɗi sunansa.

Tun daga nan ban bari kowa ya taɓa abin ba, shi kuma bai taɓa tsayawa ba. Ba don jama'a na hana ba, don Inna ne, mahaifiyarmu. Idan sanarwa ta shigo, sai ta shige ɗaki da wayar ta tura ƙofa. Na ɗauka wannan ne ɗan abin da ya rage mata.

Bana Maryama, 'yar wani maƙwabcina ɗan Garwa wadda irin aikin Habibu take yi, ta tare ni a shago.

"Baba, tsarin nan ya tsufa, an daina toshe masa ɓaraka. Wani ɗan iska zai iya shiga ya sanar da mutuwar mutum yana zaune yana cin abinci. Wa zai tare 'yarsa a Kano in ta ji?"

Na san da Habibu na nan da bayanta zai bi. Mutumin da ba ya kwana da tsohon abu, ga yayansa ya mayar da aikinsa kabari yana gadi. Amma tsoro ya hana ni amsawa, har sai da ta rantse mini cewa muryar za ta koma sabon tsarin ba tare da ta yi ko ƙwarzane ba.

Da murnata na je wa Inna da labari. Sai ta ce:

"Ka ce mata ta cire muryar."

Na zaci ba ta fahimta ba, na fara sabon bayani. Ta ɗaga mini hannu.

"Ranar da Ladi ta rasu, aminiyata tun muna amare, wayar na ƙara na ji daɗi ya kama ni. Na yi ta maimaita sallamar, ban ma ji sunan da aka faɗa ba sai da aka zo kirana. Na zama mai jiran mutuwar mutane, Sani. Ka raba ni da wannan."

Abin da na tsare shekara da shekaru da sunan tausayi, ashe shi ke cin ta.

Maryama ta yi aikinta cikin wuni guda, babu wanda ya ji ko tari. Abin da Habibu ya bari yana nan: ba a ƙara binne ɗan'uwa a garin nan a ɓoye ba, kuma mafi yawan masu amfana da shi ba su san sunansa ba. Allah ya kai ladan kabarinsa.

Shekaranjiya sanarwa ta shigo, liman ya fara kai tsaye. Inna ta ji sunan tun karon farko, ta yi salati, ta ɗauki mayafinta ta tafi gaisuwa. Ni kuwa ina bakin shago da waya a kunne, liman ya gama, ban sauke ba.