Kwikwiyon da Ya Cije Ni

Tun jirgin ƙasa bai iso Gusau ba, ina sabon aure a Nahuce, wani Bafulatani da ya gangaro da shanu daga duwatsun Tsafe ya ba ni kwikwiyo ja. Ina farauta da rani, na daɗe ina son karen kaina.

Da tsumagiya na fara koya masa. In na kira bai zo ba, duka. In ya sunsuni nama, duka. Wata rana ya janye zomon da na rataye, na ritsa shi a gindin rumbu na yi ta zabga masa har ya daina kuka. Da na miƙa hannu in ɗago shi, ya kafa mini haƙora a gindin babban yatsa. Sai da na buga shi da ƙasa sau biyu ya saki. Jini har gwiwar hannu.

Na zare wuƙa. Kawuna, tsohon mafarauci, yana zaune yana gyaran kibau. Ban ga tashinsa ba, saukar gora kawai na ji a gadon baya, wuƙar ta faɗi.

Ya ce, "Tashi ka raka ni daji."

"Kawu, bayan wannan dukan?"

"To, shi ma hakanan. Tsoronka shikai, bai ganin girmanka."

Kwana goma kwikwiyon bai fito daga ƙarƙashin rumbu ba. Kullum nakan ajiye masa tuwo in zauna nesa. Na hana kowa ba shi abinci sai ni. A wata na biyu na kama hanyar rafi ban kira shi ba, na waiwaya na gan shi a bayana. Daga nan ya koyi amsa fito, ya koyi kwanciya, ya koyi bin sawu.

Rani na biyu, a dajin yamma da Bungudu, mugun dawa, aladen daji, ya fito daga rami ya tsarge mini cinya da haure. Ina ƙasa, ya juyo zai ƙarasa ni, karen ya cafke masa kunne. Mugun dawan ya yi ta jijjiga shi, ya farke masa ciki, amma karen bai saki ba har na lalubo mashi na soka wa mugun dawan a haƙarƙari.

A kafaɗa abokan farauta suka kawo mu gida. Ni na tashi bayan wata guda. Shi kwana uku ya yi ya mutu, na sa aka binne shi a bayan gona.