Ni da Saje da Batiran Motar Sulke

Na daɗe ina aikin wutar mota a soja, a wani babban gareji cikin bariki a nan arewacin Kaduna. Mu ake kira masu riwaya. Makanikai su sauke inji su ɗora, masu walda su yi nasu, mu kuwa namu waya ne da fis da batir. Motocin sulke aka fi kawo mana, waɗanda mutanen gari ke ce wa igwa ko da babu bindiga a kansu. In ka shiga cikin ɗaya da rana tsaka kana bin waya, sai ka fito jagab kamar an tsamo ka daga rijiya, ga warin man gas ya kama maka jiki. Matata har bokiti daban ta ware wa kayan aikina, don ruwan batir ya taɓa huda mata zane.

A garejin na san Saje. Direban motar sulke ne, mutumin kudancin Kaduna, Kirista, gajere mai faɗin kafaɗa da yawan dariya. Lokacin da muka haɗu ko igiyar muƙami ɗaya ba shi da ita, amma tun da ya samu uku na daina kiransa da wani suna. Shi kuma Malam yake ce mini, saboda ɗan littafin da nake yawo da shi a aljihu ina zana yadda wayoyi suka bi. Gidajenmu na kallon juna a layin masu iyali. Ran Sallah yaransa ne ke fara zuwa cin tuwo, ran Kirsimeti kuwa sai ya kawo mini akuyarsa in yanka, don mu ma mu ci.

Abin da mutane ba su sani ba, motar sulke ko a tsaye take tana cin wuta. Rediyon da ake magana da shi yana ci, fanka tana ci, abin da ke juya kan bindiga yana ci. Batiran wancan lokaci kuwa ba sa jimawa. Bayan 'yan awoyi dole direba ya tayar da inji don su sake cika, injin kuma in ya tashi, na ƙauyen gaba ma ya san kun iso.

Wata damina aka fita da mu atisaye a dajin da ke bayan Katabu. Katabu a lokacin ba ta wuce 'yan gidajen ƙasa da masu sayar da rake a bakin titi ba. Aka raba mu gida biyu, wasu su ɓuya, wasu su nemo su. Ni aka haɗa ni da motar Saje ko da wuta za ta ba da matsala. Tun da hantsi muka shige wani kwari, muka lulluɓe motar da rassan itace, har ni kaina in na ja da baya ba na ganinta. Ƙaramin hafsan da ke jagorantarmu ya ce kada wanda ya yi ko tari sai umarni ya zo ta rediyo.

Muka zauna. Sauro ya ci mu, gumi ya ci mu. Wajen la'asar na duba allurar batir na ga ta kwanta.

Na matsa kusa da hafsan na ce, “Ranka ya daɗe, wuta ta kusa ƙarewa. Ko a kashe rediyo, ko a tayar da inji.”

Ya ce, “In aka kashe rediyo, ta ina umarni zai same mu?”

Saje ya leƙo daga kujerarsa ya ce, “In kuma na tayar da ita, oga, ai mun yi musu sallama ke nan.”

Hafsan ya kalli agogonsa. Yaro ne sabon fitowa daga makaranta, na ji tausayinsa ranar. Can ya ce a tayar, minti goma kawai. Saje ya murɗa makulli. Baƙin hayaƙi ya tashi ya wuce kan itatuwa, tsuntsayen kwarin duk suka watse. Minti goman ba su cika ba muka ga mutanen ɗaya ɓangaren sun fito ta ko'ina suna dariya. Ashe tun azahar suke kewaye wurin ba su gan mu ba. Ɗaya daga cikinsu har ya ce mun kyauta, da ma ƙafafunsu sun gaji.

Da muka koma bariki sai da muka yi mako guda muna yankan ciyawa. Saje na sara yana cewa, “Malam, batirinka ne ya tona mana asiri.” Ni kuma in ce injinsa ne. Ba wanda ya taɓa yarda a cikinmu.

A wajen yankan ciyawar nan tunanin ya zo mini. Na ce masa, me zai hana a tara batira masu yawa, su riƙe rediyo yini guda, har ma su ja motar kanta in ana so a lallaɓa? Inji kuma a bar shi ya huta, sai an fita fili ya tashi ya cika su. Ya jingina da laujensa ya ce, “Wato mota mai ciki biyu, ɗaya na mai, ɗaya na wuta.” Na ce haka ne. Ya ce, “To, in ka haɗa, ni zan tuƙa.”

A bayan gareji akwai wata tsohuwar a-kori-kura da aka yi watsi da ita, injinta ya buga. Na roƙi shugaban garejin, wani dattijo marar yawan magana, ya ba ni ita, ya kuma ara mini batira goma sha biyu daga sito. Na samo injin lantarki na wata matacciyar motar ɗaga kaya, wani mai walda ya taimake mu muka haɗa shi da giya. A baya muka ɗaure ɗan ƙaramin janareto. Duk Asabar muna can. Matar Saje kan aiko mana da fate a kula, mu ci da hannuwa baƙi ƙirin, mu koma ƙarƙashin mota. Na fi jin daɗin waɗannan Asabar ɗin fiye da duk wani faretin da na taɓa yi.

Ranar gwaji rabin garejin suka fito kallo. Saje ya shiga, ya gyara hula, ya taka. Motar ta motsa. Ba ƙara, sai ɗan ƙugi siriri da sautin tsakuwa ƙarƙashin taya. Wani kuku da ke wucewa da tukunya ya tsaya yana leƙen bayanta don ya ga masu turawa. Saje ya fito da kai ta taga yana ihu, “Malam! Ina jin numfashina!” Ta wuce famfo, ta wuce ɗakin masu gadi, ta kusa ƙofa. Sai na ji warin roba. Wayoyin sun yi zafi har sun fara narkewa. Na bi ta da gudu na fizge babbar wayar, tafin hannuna ya saɓule, har yau tabon na nan.

Dattijon ya zagaya motar sau biyu. Ya nuna mini bayanta, inda nauyin batiran ya kwantar da sifirin har ya kusa taɓa taya. Ya ce, “Ka yi tunani mai kyau. Amma batir goma sha biyu ke nan, motar kuma ba kaya, ba sulke, ga inda ta tsaya. Ita motar sulken fa, nawa za ta ci? Sai dai mu ɗaura mata tirela.” Gaskiya ya faɗa, ni ma na sani. Washegari muka mayar da batiran sito. Na ji ciwo a raina, amma Saje ya fi wata guda yana ba da labarin a mes, wurin hutun sojoji, kullum nisan tafiyar na ƙaruwa a bakinsa.

Shekaru suka wuce. An kai Saje wurare da dama, wasu ba ya son maganarsu. Ya dawo da rai da lafiya, sai dai kunnuwansa, ƙarar inji ta cinye su. Da muka yi ritaya na buɗe shagon riwaya a Kurmin Mashi, shi kuma ya gina gida a Katabu yana noman masara. Kiran waya ba ya yi masa amfani, sai dai matarsa ta ɗauka ta maimaita masa da ƙarfi. A hankali ziyara ta koma sai biki ko rasuwa.

Bara wani mai sayar da atamfa daga Kinkinau ya kawo mini motarsa, irin na hannu da ake shigowa da su, mai aiki da fetur da lantarki. Na buɗe na ga wasu manyan wayoyi ruwan lemo da ban taɓa aiki da irinsu ba, sai na rufe. Na kira 'yata ta biyu, wadda ta karanci aikin lantarki, yanzu tana haɗa wa mutane sola. Ta zo da safar hannu ta roba da wata 'yar na'ura.

Ta ce, “Baba, waɗannan kada ka taɓa su sai an cire makullin batir. Ba irin na da ba ne, kisa suke yi.”

Ashe fankar da ke sanyaya batirin ce ta toshe da datti. Muna cikin wankewa nake ba ta labarin a-kori-kurarmu. Ta yi dariya, ta ciro wayarta ta yi 'yan danne-danne ta miƙo mini. Motar sulke ce a wata ƙasar waje, ƙatuwa, tana ratsa daji a hankali ba hayaƙi, ba ƙara. Ta fassara mini abin da mai bayanin ke cewa: tana iya zama a ɓoye da rediyo da na'urorinta a kunne na tsawon lokaci ba tare da an tayar da inji ba, saboda batiran yanzu sun fi namu riƙe wuta, ba su kuma kai su nauyi ba. Na sa ta maimaita mini sau uku. Na zauna a kan benci.

Da mai motar ya zo ban ɓoye masa ba. Na ce gyara ya yi, amma ina roƙon aron ta yini ɗaya, akwai wanda nake so ya tuƙa ta. Na ba shi labarin a taƙaice. Ya ce, “Haba Baba, ai ko kwana biyu ne.”

Ranar Asabar muka kama hanya ni da 'yata, muka bi ta Kawo muka miƙe titin Zariya. Da ƙyar na gane Katabu. Gidajen bulo sun cinye gonakin da na sani, kwarin da muka ɓuya ma ban iya cewa ga inda yake ba. Muka tarar da Saje a ƙofar gida yana gyaran fartanya. Ya yi furfura, ya rame, amma dariyar na nan. Ya rungume ni har hulata ta faɗi.

'Yata ta durƙusa ta gaishe shi, ta nuna masa hoton a waya. Ya kalla ya gyaɗa kai. Na sa baki a kunnensa na ce, “Ba ta ƙara!”

Ya ce, “Malam, ni ai yanzu duk motocin duniya ba sa ƙara.”

Matarsa ta yi dariya har da riƙe ciki. Na miƙa masa makulli na nuna masa motar. Ya goge hannuwansa a wando, ya shiga, 'yata ta nuna masa maɓallin da ake dannawa. Muka tafi a hankali cikin layin, kaji ma ba su kauce ba sai da muka zo kansu. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu, fuskarsa ta canja, ya daina wasa. Da muka hau babban titi ya ƙara wuta, sai ya ce, “Yawwa, ga injin ya tashi.” Ni mai kunne ban ji ba, sai da na duba allon gaba na ga haka ne. Da ya rage gudu a wajen masu sayar da doya ya ce, “Ya kwanta kuma.” A kujera da tafin ƙafa yake jin sa. Haka ya yi ta yi har muka kusa Maraban Jos, bai kuskure ko sau ɗaya ba.

A hanyar dawowa ya tsaya a gefen titi. Sannan ya ambaci wasu abokan aikinsa biyu da ban sani ba, ya ce da suna cikin motar sulke marar ƙara, wataƙila da yanzu suna gida tare da jikokinsu. Ya share ido da bayan hannu ya tayar da mota.

Muka ci tuwon masara da miyar karkashi a tsakar gidansa. Da za mu tafi ya sa aka zuba mana ɗanyar masara a but, ya ce rabi na mai motar ne.

Tun daga ranar nake bin 'yata duk lokacin da ta samu sarari tana koya mini aikin irin waɗannan motoci, don sun fara yawa a gari. Tana yi mini faɗa in na manta safar hannu. Saje kuwa bayan Ista babban ɗansa ya zo ya ɗauke su shi da matarsa, suka koma garinsu a kudu, ya ce ya gaji da zaman nesa da dangi. Matarsa ta kira ni kwanan baya ta ce ƙafa na ɗan damunsa, amma yana fita gona. Na ce ta gaya masa in an yi girbi ina nan tafe, in Allah ya yarda.